Guzurin Inna Ya Yi Saura

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Kulu ta Unguwar Lalle, kuma har yau in na hau jirgi daga Sakkwato zuwa Kano ita nake fara tunawa.

Inna ba ta san kilomita ba. Da guzuri take auna nisa. Ka ce mata za ka garin Isa, nan kusa da mu, sai ta miƙo maka curin fura. Ka ce Kano, sai ta jawo turmi.

Akwai dalili. A shekarun babban fari, ina yaro, yayana Sani ya tafi Kano cin rani. Rumbunmu ya riga ya zama ɗakin ɓeraye. Inna ta kakkaɓe tsabar da ta rage ta daka masa, ita kanta ta san ba za ta kai shi rabin hanya ba. Yaya Sani bai dawo ba, ba mu kuma ji labarinsa ba. Kowa ya ce ƙaddara ce. Ita ma ta ce haka, amma a ranta ta riƙe cewa ta sallami ɗanta da yunwa.

Ranar da aiki ya fara ɗora ni a jirgi, na yi mata bayani har bakina ya gaji. Na ce motar Sabon Birni zuwa Sakkwato ma ta fi jirgin daɗewa, kafin tuwonta ya nuna na sauka Kano.

Ta ce, "Kano dai Kano ta, ba ta matso ba. Za ni ɗaure maka, ka tahi da shi."

Haka na shiga cikin masu kwat da ƙullin fura da ƙuliƙuli da soyayyar gyaɗa, jakata tana ƙamshin citta. Kunya ta kama ni, ban ɓoye ba.

Da na sauka na kira wayar maƙwabcinmu, aka kai mata. Ba ta tambayi jirgi ba, ba ta tambayi gajimare ba.

"Guzurin ya kai ka?"

Na ce, "Ya kai ni, Inna. Har ya yi saura."

Sai na ji tana hamdala, tana kuka. Ni ma na yi kuka, a tsaye a bakin filin jirgi.

Bana ma damina ta yi gardama, samarin Kurawa, maƙwabtan garinmu, sun fara hawa babura suna fita neman abinci. Da tana nan, na san hankalinta zai tashi. Amma da ta ga yadda kowane yaro ke kiran uwarsa da ya sauka, ina jin da ta yi barci mai daɗi.

Ba ta bar mana gona mai yawa ba. Ta dai bar mana turmin. A makon jiya 'yata Kulu, mai sunanta, ta daka wa ɗan maƙwabcinmu fura zai tafi Kano. Yaron ya ce ta yi yawa. Kulu ta ce ya tafi da ita haka nan, gara ta yi saura.