Akwatunan Yunusa da Baƙar Ledar da Na Ba Shi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanena Yunusa. Kowace shekara idan watan ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna da biro in tashi ban rubuta komai ba. Maganar ba ta taɓa ɓace mini ba, tsoronta nake yi. Tun ranar da ya rasu mahaifiyarmu, Dada, ta ɗora laifin mutuwarsa a kan wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Ni kuwa na san gaskiya, na kama bakina.

Yunusa yana shekarar ƙarshe a jami'a, yana karatun injiniyan lantarki. Aikin kammala karatunsa wasa ne na wayar hannu, irin wanda ba a yin sa a zaune. Sai ka taka da ƙafarka. Wayar za ta nuna maka taswirar Gombe da wani ɗigo, ka bi har ka isa wurin. A can ya maƙala wani ɗan akwati mai batir da ƙaramar fitila. Da wayarka ta matso sai fitilar ta koma kore, sai ka ji muryar wani tsoho ko tsohuwar unguwar tana faɗa maka abin da wurin yake a da, sannan a ba ka kacici-kacicin da zai kai ka akwati na gaba. Akwati bakwai ya shirya, daga gidanmu a Jekadafari, a ratsa Madaki, a ƙare a Herwagana.

Da ya fara yi mini bayani dariya na yi. Na ce, "Kai yanzu duk karatun nan wasa za ka kai wa malamai?" Ya ce, "Hamma, yaushe rabonka da shiga Herwagana?" Gaskiya kuwa na kwana biyu ban shiga ba. Lokacin tashin bama-bamai ne. Ko'ina shinge da buhunan yashi, a ƙofar masallaci a laluba ka, a ƙofar coci a laluba ka, kowa ya maƙale a unguwarsu kamar kaza a akurki. Shi abin da yake so, samarin Jekadafari su taka zuwa Herwagana, na can su tako nan, ko da don wasa ne.

A Herwagana ɗin yake sayen kayan aikinsa, a shagon Oga Obinna, wani Ibo Kirista mai sayar da kayan lantarki da gyaran rediyo. Iyayensa ne suka zo daga kudu, shi a Gombe aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi ya koya wa Yunusa liƙa waya da dalma ba tare da ya ƙone yatsa ba. Idan aiki ya kankama a shagon yake wuni, su ci abinci kwano ɗaya.

Akwatunan farko gwanin sha'awa. Ya shafe su da fenti ruwan ɗorawa, ya rubuta sunan wasan da manyan baƙaƙe, ya sa lambar wayarsa a ƙasa. Malaminsa ya ba shi takarda, ya ce duk unguwar da zai sa akwati ya fara kai wa mai unguwa, a sanar da mutane. Haka ya yi a Jekadafari. Kwana biyu tak akwatin ya yi a jikin bango, 'yan jari-bola suka ɓalle shi. Ya sa wani, shi ma aka yi gaba da shi. Ga ranar gabatar da aiki ta matso. Na iske shi a zaure ya haɗa kai da gwiwa.

A nan ne ni, babban yaya, ma'aikacin gwamnati, mai ganin ya san duniya, na kawo shawarata. Na ce a garin nan abin da ya yi kyau a bango ba ya kwana. Ya daina fenti, ya naɗe kowane akwati a baƙar leda, ya cusa shi a rami ko bayan dutse inda ido ba zai kai ba. Batun mai unguwa kuma na ce ya bari, za a yi ta ce masa je ka dawo har lokaci ya ƙure, idan ya ci jarrabawa ya je ya yi musu bayani. Da hannuna na shiga kicin na ɗebo masa ledojin.

Washegari na raka shi shagon, Oga Obinna ya ga ledojin ya ɓata rai. Ya ce, "Hamma, wannan shawara ba ta yi ba. Yanzu abin da aka ɓoye shi ake tsoro. Ku bari su sata, zan ba shi wasu kayan." Na ce masa, "Oga, kai dai ka tsaya a gyaran rediyo." Har dariya na yi. Yunusa ya dube shi, ya dube ni, ya bi maganar yayansa, don haka aka tarbiyyantar da mu.

Ranar Asabar ce da hantsi, ba a daɗe da tashin wani bom a gari ba. Ya je sa akwati na ƙarshe a jikin wata katanga kusa da coci a Herwagana. Ku duba abin da mutane suka gani: saurayi da jaka a baya, ya tsuguna, yana cusa baƙar leda a rami, wata 'yar waya ta leƙo, jar fitila tana ƙyaftawa, ga wayar hannu yana dannawa. Wata mata ta ƙwala ihu. Waɗanda suka taru masa da sanduna akwai Kirista akwai Musulmi, babu wanda ya tsaya tambaya. An ce yana ta cewa wasa ne, wasa ne, takardar malaminsa tana cikin jaka. Oga Obinna ya jiyo hayaniya ya sheƙo da gudu, ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa, yana rantsuwa da Hausa da Ibo cewa ɗansa ne. Sai da aka karya wa Oga Obinna hannu kafin aka saurara. Yunusa ya yi kwana uku a asibiti bai farfaɗo ba, Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ina neman in tsani mutanen nan na kasa. Da ni na ga haka a ƙofar masallacinmu a wancan makon, wallahi ban san me zan yi ba.

Ranar sadakar uku Oga Obinna ya zo ta'aziyya, hannu a rataye. Dada ta riga ta ji cewa daga shagonsa kayan suka fito. Ta aiko daga cikin gida cewa kada ya shigo, shi ya ɗora mata ɗa a kan wayoyin nan, shi ya tura shi unguwarsu. Ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Ya ɗago ya kalle ni, yana jira. Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa," ya juya. Tun daga ranar bai taɓa faɗa wa kowa batun ledar ba. Da yawa daga cikin 'yan uwansa sun tattara sun koma kudu a shekarun nan, shi ya zauna. Idan muka haɗu a hanya shi yake fara gaishe ni, abin da ya fi zagi zafi a wurina.

Yau ga Gombe an kwashe shingayen. Mai keke napep yana bin taswira a wayarsa, 'yata tana tura wa mai kawo kaya wurin da take ya zo har ƙofa. Na kan tambayi kaina me Yunusa zai ce. Ina jin zai yi murna, ya kuma yi tsaki, don wayoyin yanzu suna kawo wa mutum komai ne don kada ya fita, shi kuwa fitar yake so a yi. Kwanaki na ga hoton wasu ɗalibai suna nuna irin aikinsa, akwatunansu a fili, ana tafa musu. Na kashe wayar na fita waje.

Makon jiya na faɗa wa Dada. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, na ji tsoron ta koma ga Allah da haƙƙin mutum a wuyanta saboda ni. Tana zaune tana tsince wake. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da gargaɗin Oga Obinna da dariyar da na yi masa. Ba ta yi kuka ba. Ta ture farantin gefe. Ta ce, "Miƙo mini mayafina. Ka nemo keke."

Rabonta da Herwagana tun kafin rasuwar. Muka sami Oga Obinna a shago, ya yi furfura. Da ya gane ta sai ya miƙe yana neman kujera. Ta ƙi zama. Ta ce, "Ɗana, an ce kai ka rufe shi da jikinka. Kawo hannun in gani." Ya miƙa mata. Ta shafa wurin karayar, inda ƙashin ya haɗe a karkace, ta ce, "Na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah." Ya ce, "Mama, ba komai, ɗanki kika rasa." Daga nan suka tsaya su biyu suna kuka a cikin shago, masu sayen batir suna kallo.

Ba abin da ya rage na wasan. Akwatunan an kwashe, wayarsa ta farfashe a wurin, muryoyin tsofaffin da ya naɗa sun tafi da ita, tsofaffin ma yawanci sun rasu. Abin da ya rage na Yunusa mutumin nan ne da ya kira shi ɗansa a gaban masu sanduna, da uwar da ta tako Herwagana da ƙafarta. Allah ya ji ƙanka, Yunusa, ya sa ka huta.

A keke muna dawowa na ce, "Dada, ni fa?" Ta ce, "Batun ledar na yafe maka, kuskure ne, kowa yana yi. Shirun shekara goma sha ɗaya kuwa, ka ba ni lokaci." Har yau da nake wannan rubutu ina jira.