Layukan Alli a Tayoyin Abu Mazin

Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Ustaz Fawwaz Samadi, wanda muka fi sani da Abu Mazin. A tsakar gidansa da ke unguwar Marka zuciyarsa ta tsaya, yana tsugune gaban motarsa, da guntun alli a hannu. Na Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Ɗansa Mazin ne ya buga mini waya ina kantin maganin da nake aiki. Na ajiye wayar, na daɗe ina kallon wata mata da ke miƙo mini takardar likita, na kasa gane abin da take so.

Abu Mazin, yau da kai nake magana, tunda a rayuwa ba ka cika barin mutum ya kai ƙarshen zancensa ba sai ka jefo masa tambaya.

Ranar da na fara zuwa tserenmu na Juma'a a filin nan na hanyar Madaba, inda ake jera robobi masu tsini mota ta bi tsakaninsu ita kaɗai tana ƙure agogo, na zo da sababbin tayoyi masu faɗi, ina ta hura hanci. Sai na ga wani dattijo siriri ya tsuguna yana zana mini layi da alli a kowace taya, daga fuskar da ke taka kwalta, ya bi ta kafaɗa, ya gangaro gefe. Raina ya ɓaci, domin ni ba na son a taɓa mini kaya. Na ce, "Malam, lafiya?" Ka ɗago ka ce, "Me ya sa ka zaɓi waɗannan?" Na ce sun fi kyau. Ka ce, "Kyau kam akwai. Je ka dawo mu tambaye su."

Da na dawo ka nuna mini. Inda taya ta gogi kwalta, allin ya goge. In gogewar ta tsaya a kafaɗa, iska ta yi daidai. In ta gangaro gefe, taya ta kwanta a kwana ke nan, iska ta yi kaɗan. Nawa kuwa ko kafaɗar ba su kai ba, na ɗura musu iska sun yi tauri kamar busasshen burodi. Ka yi shekara da shekaru kana koyar da kimiyya a sakandare, aka yi maka ritaya, ka bar allo amma ka ƙi barin alli. Shi ya sa muka sa maka suna Malam Me-ya-sa, kuma kana amsawa.

Har yau ina mamakinka. Ba ka taɓa cin kofi ba, ban kuma taɓa ganin abin ya dame ka ba. Kana zana wa abokan hamayyarka layi, ka gyara musu iska, su shiga su doke ka, ka tare su da murna kana tambayar yadda sitiyari ya yi a hannu. Ranar da tayar Usama direban tasi ta fashe, ka kwance naka guda biyu ka ɗaura masa, ka zauna a kan bokiti kana cin ka'ak, burodin nan mai riɗi, da ƙwai, motarka tana ɗage a kan jak. Na ce maka wannan wauta ce. Ka ce kai dai so kake ka ga yadda za su yi a wata motar. Wallahi har yanzu ban sani ba ko kirki ne ko son sani, wataƙila a wurinka ba su da bambanci.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da maganarka ba, Abu Zuhair mai sayar da kunafa, kayan zaƙin nan na cuku da sukari, aminin ƙuruciyarka, ƙaton mutum wanda in ya shiga mota sai ta rusuna masa. A wannan kakar kun samu sabon abin musu. Ka sayi tayoyi masu taurin gefe, ka ce irin waɗannan za a iya rage musu iska sosai su ƙara kama ƙasa ba tare da sun kwanta ba.

Ya ce, "Za su kwanta, Ustaz, kamar yadda ɗalibanka suke kwanciya a ajinka."

Ka ce, "Kai dai ka tsaya a kan cuku da sukari. Juma'a alli zai raba mu."

Wannan layin kake zanawa ranar Alhamis. Ka gama tayoyi huɗun duka, sannan ka faɗi.

Kwanakin zaman makoki sun wuce da gahawa mai ɗaci da dabino. Abu Zuhair ya zauna shi kaɗai a lungu. Da muka je gida gaida matarka Ummu Mazin, sai muka tarar ta naɗe kowace taya da tsohon zanen gado, ta kuma hana jikoki zuwa kusa. Daga bayan ƙofa ta ce mana, "Abu na ƙarshe da hannunsa ya yi ke nan. Kada wanda ya taɓa."

Gaskiyarta ce. Amma duk mun san abin da ke ranmu. Layin alli ba ya magana sai an goge shi. In an bar shi, tambayarka ta ƙarshe ta tafi ba amsa, in an nemi amsar kuma, an shafe wa Ummu Mazin abin da take riƙe da shi. Ga sanyi ya shigo, hadari yana haɗuwa ta yamma, ruwa ɗaya zai jiƙe zanen ya wanke allin, a yi biyu babu. Na so in faɗa mata haka, har na buɗe baki, Mazin ya taka mini ƙafa.

Ashe ba ta buƙatar kowa ya faɗa mata. Wadda ta yi zaman aure da kai tun tana budurwa ta sha tambaya fiye da mu duka. Ana gobe Juma'a ta gaba ta aika aka kira mu, ta miƙo makullin motarka ta hannun Mazin, ta ce a ba Abu Zuhair.

Ya nuna ni da Mazin, ya ce, "Ni kuma, Ummu Mazin? Ga Dakta nan, ga ɗanki."

Ta ce, "Su za su lallaɓa motar don su ba shi gaskiya. Kai ne kaɗai ba ka taɓa raga masa ba. In ka tausaya wa tayoyin nan, ban yafe ba."

Abu Mazin, da ka ga yadda aka cusa shi cikin motarka, hular kwano tana gogar rufi! Kuma bai tausaya ba. Ya shiga kwanar ƙarshe tayoyin suna kuka. Da ya tsaya babu wanda ya kalli agogo. Mutum wajen talatin muka tsuguna gaban tayoyi kamar masu neman allura.

Ka yi kuskure, Malam Me-ya-sa. Allin ya goge har gefe. Sun kwanta.

Tana cikin takaba, don haka gida muka kai mata motar. Ta fito tsakar gida, ta sunkuya ta duba tayar gaba, ta ce, "Wa ya yi gaskiya?" Abu Zuhair, wanda ya shekara yana jiran ranar da zai kayar da kai, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Yana cewa, "Nauyina ne, Ummu Mazin! Wallahi nauyina ne! Da shi ne a ciki, ɗan siririn nan, da ba su kwanta ba. Shi ke da gaskiya!"

Ta dube shi, ta sake duban tayar. Ta ce, "To in nauyinka ne, me ya sa ta wancan gefen ma ta goge?" Na rantse muryarka na ji. Sai ta yi dariya, ta farko tun rasuwarka, tana share hawaye da gefen mayafi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko guntun allin da aka cire daga hannunka, ta tsuguna inda ka tsuguna, ta ja sabon layi, a karkace. Ta ce, "Ku sa siriri ya tuƙa, mu gani."

Ina kewarka, Abu Mazin, kewar da ban zaci tana da nauyi haka ba. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka tambayar da ke can, kai da ka cika mu da tambaya a nan. Allah Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ummu Mazin, da Mazin da 'yan'uwansa, da dangin Samadi baki ɗaya, da Abu Zuhair wanda ya ci musu ya rasa abokin musu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.