Laka a Tayar Jirgi

Shekarar da aka rufe makarantarmu saboda 'yan bindiga, zaman gida ya kusa haukata ni. Ni malamin zane ne a sakandare, kuma mutumin da ya saba riƙe buroshi tun safe, in ka ce ya naɗe hannu ya zauna, to ka ba shi aikin faɗa da iyalinsa. Maiɗakina ta ga ta kanta a watannin nan. Kullum ina da abin cewa: miya ta yi gishiri, akuya ta shiga rumfa, rediyo ya cika ƙara.

Ana cikin haka wani abokina da muka yi karatu tare a Zariya ya aiko min da kwali daga Kaduna ta hannun direba. A dilar gwanjo ta kayan wasan yara ya tsinto shi. Jirgin yaƙi ne na roba, irin na yaƙin duniya na biyu, mai farfela a hanci da kujerar mutum ɗaya, amma gutsi-gutsi yake, sai ka haɗa da kanka. In ya haɗu tsawonsa bai kai kamu guda ba. Saƙon abokin nawa gajere ne: in ji da wannan, in bar 'yar mutane ta huta.

Haɗawar ba ta ba ni wuya ba, fentin ne aikin. Da wurin zaman matuƙi na fara, domin da zarar ka manne ɓarin jikin biyu hannu ba ya ƙara shiga. Na yi masa kore mai duhu, na ɗiga agogunan gabansa da tsinken sakace, na yanka ɗamarar kujera daga takardar sikari. Sannan jiki: ciki shuɗi mai haske, baya kore da ruwan ƙasa a cakuɗe. Ragowar fentin makaranta nake tsinkawa da ruwa, in shafa siriri, in jira ya bushe, in ƙara. Da na gama sai ga shi yana sheƙi kamar sabon kwanon sha, ni kuwa raina bai kwanta da shi ba. Jirgin da ya je yaƙi ya dawo ba haka yake ba, na ga hotunansu a waya.

Sai na shiga tsufar da shi, kuma a nan na fi jin daɗi. Na kankaro baƙin tukunya na shafa da auduga a bayan bututun hayaƙi, ina jan sa baya yadda iska za ta ja shi. Na ari kwallin maiɗakina na bi duk layin da farantan jikin jirgin suka haɗu. Gindin fiffike, inda takalmin matuƙi zai riƙa gogewa in zai hau, na goga masa fensir har ya yi kamar ƙarfe ya leƙo ta ƙarƙashin fenti. Tayoyin kuma na ɗebo jar ƙasar bayan gidanmu, na tankaɗe ta da rariya, na kwaɓa da ɗan gam, na ɗiɗɗiga musu har kan ƙafafun.

Maiɗakina ta tsaya a kaina tana kallo. “Malam, mutane na wanke tsohon abu ya koma sabo, kai kana ɓata sabo ya tsufa. Kwallina kuma a mayar min da shi da sauransa.”

Na ce mata ba za ta gane ba. Amma a watan nan ban yi faɗa da kowa ba, ita ma ta shaida.

Abin da na manta shi ne garin da nake zaune. A Birnin Gwari jirgin yaƙi ba abin kallo ba ne. In na gaske ya tsaga sama ya nufi daji, hira takan tsaya cak, mai awo ya tsaya da mudu a hannu. Bayan ya wuce kuma tambaya ɗaya ce a zuciyar kowa, ta mutanen gari da ta mutanen daji: wa ya nuna musu wurin? Duk wanda aka laƙa wa sunan infoma, wato mai kai rahoto, daga kowane ɓangare aka laƙa masa, ba ya ƙara barci da ido biyu rufe. Maganar da aka yi a teburin mai shayi da safe kuwa, kafin azahar ta isa daji, tare da burodi da man fetur.

Ni da na san duk wannan, sai na ɗauki jirgina na ɗora a kan katanga don lakar ta sha rana. Ƙarshen damina ne, ɗaki da sanyi, gam ba ya bushewa. Kwana biyu ina fito da shi da hantsi ina mayarwa da la'asar.

Maiɗakina ce ta dawo da labarin daga gidan suna. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, “Malam, ka shigar da abin nan. Ana cewa jirgin leƙen asiri gare ka, irin wanda ba matuƙi, wai kana tura shi daji yana ɗauko wa sojoji hoto.”

Dariya na yi, har da buga cinya. Na ce roba ce fa, ko zare babu a cikinsa.

“Haka na ce musu. Sai matar maƙwabcinmu ta ce ita da idonta ta ga laka a tayoyinsa, ta ga baƙin hayaƙi a gefensa, fentin ma ya goge. Ta ce abin wasan da ke ajiye a ɗaki ina ya samo laka?”

Nan na daina dariya. Da na bar shi yana sheƙi, da ba wanda zai kalle shi sau biyu. Aikin da na fi alfahari da shi, shi ne ya zama shaida a kaina. Na fusata, na zagi jahilci, na zagi gulma, na ce ni da matar nan sai gaban mai unguwa. Maiɗakina ta bari na gama sannan ta ce, a hankali, “Yaya fa? Masararsa ta isa karya.”

Yayana uwa ɗaya uba ɗaya manomi ne, gonarsa tana can hanyar Dogon Dawa, dab da bakin daji. Abincin gidansa da rabin na gidana daga gonar nan yake fitowa. Kowa ya san yadda ake noma a wajen yanzu: kana sunkuye kana aiki, masu bindiga suna wucewa a kan babura, in sun ga dama su tsaya su yi maka tambayoyi. Abin da ke tsare mutum shi ne a ɗauke shi ba kowa ba. Ni kuma na mayar da shi wan mai jirgi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Bayan la'asar Yaya ya zo da kansa. Bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ya ce in kawo abin ya gani. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya kai ɗan yatsa ya taɓa tayar, ya murza jar ƙasar.

“Kai ka sa masa wannan?”

“Ni na sa, Yaya.”

“Don me?”

Wane bayani zan yi wa mutumin da laka ke bin ƙafarsa kyauta kullum? Na ce bari in jefa shi a murhu yanzu-yanzu, magana ta ƙare.

“Kul,” in ji shi. “Ka ƙona shi a ɓoye, gobe a ce ka ɓoye shi. Abin da ido ya gani, ido ne zai kashe shi. Ranar Juma'a in an sauko, ka kawo shi majalisar mai unguwa.”

Kwanakin da suka rage kafin Juma'ar ban san yadda na yi su ba. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gidana sai gabana ya faɗi. Mai kantin da nake sayen sikari ya amsa gaisuwata yana kallon wani waje. Yaya ya dakatar da zuwa gona, ga masara ta bushe a tsaye, ga birai, ga ɓarayi. Jirgin yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado, ni kuma ko kallon wajen ba na son yi.

Ranar Juma'a majalisar ta cika fiye da yadda ta saba. Na gaida mai unguwa, na ajiye jirgin a kan tabarma a gabansa. Sai aka ja baya, wallahi, manyan mutane da gemunsu. Daga baya wani ya yi ta maza ya ɗauka, ya jijjiga shi a kunne, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana tambayar ina batirinsa, ina idon da yake gani da shi. Na yi bayanin baƙin tukunya da kwalli da rariya, wasu suka yi dariya, wasu ko murmushi ba su yi ba.

Mai unguwa ya ce, “Malam, ni na yarda da kai. Amma ba ni kaɗai ke da kunne a garin nan ba. Buɗe mana cikinsa.”

“Ranka ya daɗe, ba ya buɗuwa. Manne yake.”

Ya dai ci gaba da kallona. Na duba Yaya, shi kuma ƙasa yake kallo. Sai na sa babban yatsa a ƙarƙashin fiffike na danna. Ƙarar ba ta da yawa, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ya rabe biyu, 'yar kujerar ta faɗo a kan tabarma da ɗamararta. Aka leƙa, aka ga wayam. Mai unguwa ya ɗaga ɓarin biyu sama ya juya su kowa ya gani, ya ce to magana ta mutu, wanda ya sake tayar da ita shi da shi ne.

Ina tattara gutsattsarin a hulata na ji wani daga baya yana cewa, ƙasa-ƙasa, “Ai ya cire injin tun a gida.” Ban waiga ba. Da na waiga da an yi abin kunya a gaban mai unguwa.

Masara ba ta jiran gulma ta lafa. Washegari da sassafe Yaya ya hau babur da buhuna ya tafi. Na ce zan bi shi in taya shi, ya ce in ina son sa da rai in zauna a gida. Na wuni a bakin titi, gindin wata bishiyar mangwaro, ina kallon hanyar da zai ɓullo. Na kira wayarsa ba ta shiga, ko da yake na san can ba sabis. Duk wanda ya taho daga wajen sai in miƙe, in ga ba shi ba ne, in koma in zauna. Azahar a nan na yi ta, la'asar ma haka, kuma ban san abin da na karanta a cikinsu ba.

Rana ta yi ja sosai kafin na hango shi, buhu biyu ɗaure a bayan babur. Na miƙe na tare shi da murna. Ya tsaya a gabana bai kashe injin ba, idonsa ja wur.

“Sun tare ni a bakin rafi,” ya ce. “Su uku.”

Na matso kusa da babur ɗin.

“Ɗayansu ya ce, kai ne wan malamin nan mai jirgi?” Ya share fuska da hannun riga. “Na ce ni ba ni da ƙane a gari. Ya ce in rantse. Na rantse.”

Mutumin nan shi ya ɗora ni a kafaɗa ya kai ni makaranta ranar farko, shi ya tsaya min a matsayin uba ranar aurena. Ban taɓa jin ya rantse a kan ƙarya ba, ko a ciniki. Ya kasa haɗa ido da ni, kamar shi ne ya yi min laifi, ni kuwa kunyarsa da tausayinsa suka kama ni.

Na ce, “Ka yi daidai, Yaya. Gobe ma in sun tambaya, haka za ka ce.”

Ya gyaɗa kai. Akwai sauran masara a gonar, kuma da safe zai koma.