Ranar da Na Hana Rediyo Korar Wazir

Wata Laraba ce, saura sati biyu Babbar Sallah, shekarar da nake aji uku. Na dawo daga makaranta bayan azahar, na jefa jakar littattafaina kan gado, na leƙa tsakar gida. Baba yana can wajen igiyar shanya yana kakkaɓe rawunna, Inna tana durƙushe gaban murhu tana yaɓa kisra, wainar dawa ta can mai falle-falle. Babu mai kallona. Na taka buhun gawayi, na miƙa hannu kan tagar da rediyon Baba yake zama, na buɗe bayansa na zare batir biyun da ke ciki, na kai su tukunyar daddawar Inna na cusa har ƙasa, na mayar da murfi. Raina fari ƙal. A lissafina, na ceci gidanmu ke nan.

Baba mai wanki da guga ne. Iyayensa sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a Jazira, yankin noma kudu da Khartum, suka zauna tsintar auduga. Shi kuwa da ya girma ya ce bayansa ya gaji da sunkuyo, ya shigo Khartum ya koyi guga, har iya hannunsa ya kai shi gidan wani minista, wanda a bakinmu na can Wazir muke cewa. Gidan na gwamnati ne, a bayansa akwai ɗakuna biyu na masu aiki, mu aka ba. Ga famfo a bakin ƙofa, ga makarantata da ƙafa nake zuwa. Inna ta shuka yakuwa da kuɓewa a jikin katanga, da bishiyar lemun tsami wadda a shekarar nan ta fara fure. Aikina shi ne fifita gawayin dutsen guga da yayyafa wa kaya ruwa, in na gama in tafi 'yar carafke. Sau da yawa in Inna tana ba lemun nan ruwa sai ta ce, "Gidan nan na Wazir ne muddin yana Wazir, mu kuma namu ne muddin yana ciki." Ina jinta dai, amma ban ɗauki zancen da nauyi ba, don ni a ganina babu kowa sama da Wazir sai Allah. Mutumin da yake da baƙar mota mai 'yar tuta a hanci, ɗan sanda yana sara masa a bakin get, manyan mutane suna layi da takardu tun da sassafe, wa zai taɓa shi?

Sai aka wayi gari aka kwashe Zainabu, abokiyar carafkena, 'yar kukun gidan ministan da ke maƙwabtaka da mu. Jiya muna tare, yau ga lori ana loda tukwanensu. Na tambayi Inna wa ya kore su, ta ce a taƙaice, "Rediyo ne ya faɗa." Daga ranar na sa wa rediyo ido. Ashe kullum ƙarfe uku, lokacin labarai, komai na gidanmu tsayawa yake. Baba ya jingine dutsen guga, Babikir direba ya zo ya tsuguna a inuwa, sannan, ikon Allah, shi kansa Wazir ya fito ta ƙofar baya wai ya zo duba rawaninsa. Yana da ƙaton rediyo a falo, amma falon cike yake da baƙi, ba ya so su ga fuskarsa. Da mai karanta labarai ya ce shugaban ƙasa ya ba da umarni, sai ka ji tsit, ko tari babu mai yi. In an wuce wurin ba a ambaci sunan Wazir ba, sai ya shafa rawanin ya ce wa Baba, "Ya Haj, a ƙara masa sitati," ya koma ciki. Na ce a raina, to, ga wanda ya fi Wazir nan, a kan tagarmu yake zaune.

Makaranta ce ta ƙara dagula mini lissafi. Malamarmu Sitt Nafisa ta zana mana gwamnati a allo: shugaban ƙasa a can sama shi kaɗai, ƙarƙashinsa mataimakinsa, sai jerin ministoci kowa da ma'aikatarsa, ƙarƙashin kowane minista kuma da wakil, babban ma'aikacin da ke riƙe da ofis. Ta ce shugaban ƙasa ne yake naɗa minista, shi ne yake sauke shi, shi ne kuma babban kwamandan soja. Ta ce majalisa ce take yin doka, amma shi ma yana iya ba da umarni ya zauna daram. Na duba zanen nan sama da ƙasa, na ɗaga hannu na ce, "Sitt, ina wurin rediyo?" Aji ya kwashe da dariya. Haushi ya kama ni, na ƙara da cewa to shi shugaban ƙasar wa yake sauke shi? Nan dariya ta ɗauke. Sitt Nafisa ta kalli ƙofa, ta goge allon, ta ce mu fito da littafin lissafi. Na koma gida da yaƙinin cewa ta san amsar, tsoron rediyo ne ya hana ta faɗa.

A satin nan ne Babikir ya fara raɗa wa Baba cewa ana ƙishin-ƙishin za a yi wa ministoci garambawul. Na ga Inna ta fito da akwatin ƙarfenta ta goge shi. Na tuna lorin su Zainabu, na dubi famfonmu da furen lemunmu, na yi tunanin in bakin da ke korar mutane bai buɗe ba, ai babu wanda za a kora. Abin da ya kai ni tukunyar daddawa ke nan.

Ƙarfe uku ta yi. Baba ya murɗa rediyo, shiru. Ya bubbuga shi, ya kara a kunne, ya buɗe bayansa ya ga wayam. Ya dube ni, ni kuwa na duƙufa kallon kaji kamar ban taɓa ganin kaza ba. Wazir yana tsaye da rawani a hannu, gumi yana bin wuyansa. Daga can tsallaken katanga ana jin gunjin rediyon wasu, amma ba a rarrabe magana. Can Wazir ya ajiye rawanin ya shige, ko zancen sitati bai yi ba. Ni dai murna kamar ta kashe ni. Na zana gidan 'yar gala-gala a ƙasa ina ta tsalle da ƙafa ɗaya, har tsallen ya kai ni inda ake hango get. A nan na ga ɗan sanda ya naɗe tabarmarsa ya rataya butarsa ya kama hanya. Na ga Babikir ya kwance 'yar tutar nan daga hancin mota yana nannaɗe ta a hankali. Tarhon falo da ba ya hutawa ya yi gum. Bayana kuma na ji Inna ta saki salati tana cewa an sauke Wazir.

Na ruga na faɗa jikin Baba ina kuka ina cewa, "Ai bai faɗa ba! Wallahi bai faɗa ba, na cire masa batir!" Na sadaƙar zan sha duka. Sai Baba ya zauna a kan buhun gawayi ya yi ta dariya har hawaye, dariyar da har yau ban tabbata dariya ce ba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya ce, "Uwata, rediyo ɗan aike ne. Takardar tun da safe shugaban ƙasa ya sa mata hannu." Maimakon in gane, sai kaina ya ƙara kullewa. In tun da safe aka sauke shi, wane ne ya fita da tuta aka sara masa, ya je ofis ya zauna a kujera ya ba da umarni? Daga safe zuwa ƙarfe uku, shi mene ne? Baba ya share ido ya ce, "Shi ma bai sani ba."

Kwana goma aka ba mu, sabon Wazir kuma da mai wankinsa ya zo daga garinsu. Ranar da muke loda kaya, tsohon Wazir ya fito da jallabiyar da ba ta ga guga ba. Ashe Babikir ya ba shi labarina. Ya dafa kaina ya ce da Larabci, duk faɗin ma'aikatarsa ni kaɗai ce na yi ƙoƙarin tsare shi. Muka haye gada zuwa Umdurman, muka sauka a unguwar Umbadda saura kwana huɗu Sallah, a wani gidan ƙasa da ruwa sai an tari mai jaki. Makarantar unguwar ta cika, shekarar nan haka ta wuce ni a gida. Baba ya riƙa karɓo wanki daga gidan wakil, mutumin da Sitt Nafisa ta zana a ƙasa, amma ministoci suna zuwa suna tafiya shi yana nan. Bayan 'yan watanni kuma rediyon nan, yana ta warin daddawa, ya sanar cewa shugaban ƙasar da ya sauke Wazir ɗinmu ya naɗa shi jakada. Na zabura na fara tattara littattafaina, na ɗauka komawa za mu yi. Inna ta ce in zauna, gidan jakada a wata ƙasa yake.

Yanzu jikokina a waya suke ganin an sauke minista, su taɓe baki su wuce zuwa wani abin, babu mai ajiye cokali. Sun fi ni iya zana gwamnati, sun san ikon kowa da iyakarsa a takarda. Abin da ba a zanawa shi ne ɗakuna biyun da ke bayan gidan. Ni kam har yau in ƙarfe uku ta yi sai in ji na rage murya, in tuna Baba da dutsen gugarsa a jingine, da Inna tana ba bishiya ruwa a ƙasar da ta san ba tata ba ce. Lemun nan ya yi 'ya'ya, na tabbata, amma ko ɗaya ban taɓa ɗanɗanawa ba.