Ranar da Na Kai Mama Zaɓen Monita

Mama ba ta taɓa son hotonta ba, ko guda ɗaya. Baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi da ɗan ja-ja a kumatu, kuma masu hoto abu biyu kawai suka iya yi mata: ko su bar ta cikin duhu, sai haƙora da fararen idanu, ko su ɗashe ta ta koma kamar mai shafe-shafe. Na biyun ya fi ƙona mata rai. Takan kalli hoton ta miƙo shi ta ce, "Ku kai wa mai shi."

Da na sayi kyamara na fara ɗaukar bukukuwa a unguwarmu, Tudun Wada ta Jos, sai na bugi ƙirji a gaban ƙannena na ce ni zan yi mata hoton da za ta rataye a falo da hannunta. Na zaunar da ita a tsakar gida da hantsi, na ɗauka, na gyara a kwamfuta, ya yi kyau har ina yi wa kaina kirari. Da aka wanko shi a takarda, sai ga Mama kamar an ɗauke ta a cikin rijiya. Mai wankin hoton ya ce, "Monitar kwamfutarka ce take maka ƙarya, haskenta ya yi yawa. Kai kana ganin rana, takarda tana ganin magariba."

To dama ina shirin sauya ta, amma ba don hoto ba. Ni mayen gem ɗin kwamfuta ne, musamman na ƙwallo, kuma akwai wata monita mai lanƙwasa a wani shago wajen kasuwar Taminus da na daɗe ina zuwa gaishe ta kamar mai neman aure. Ga faɗi, ga sauri, ka juya ɗan wasa ta juya nan take ba jan ƙafa. Sai dai ƙarfina na guda ɗaya ne. Ina cikin saƙa da warwara sai dabara ta faɗo mini, har sai da na miƙe tsaye don murna: tun da launin Mama ake nema, ai sai a tafi da Mama.

"Ni za ka kai kasuwa a kara da allo kamar atamfa?" in ji ta. Ban gama rarrashi ba ta riga ta sa suwaita ta yafa mayafi. Muka tari keke, ina ta zuba kamar kanya, ita kuwa tana ta girgiza kai.

Mai shagon wani Ibo ne haifaffen Jos, mutum mai fara'a. Ya jawo kujera da sauri. "Mama, sannu da zuwa! Oga, Mama ne zai buga gem?"

"Ni aka kawo a auna, ɗana," ta ce.

Na ba shi hoton na asali yadda kyamara ta ɗauka, wanda ban taɓa komai a jikinsa ba, ya buɗe shi a mai lanƙwasar. Kai! Mama ta fito tana walƙiya kamar an soya ta da manja, shuɗin mayafinta yana neman tsone ido. Mai shago ya tafa hannu ya ce, "Ka gani? Mama ya koma yarinya!" Ni kuwa a raina so nake monitar nan ta ci. Na shiga danne-danne, na rage launi, na rage haske. In na tsaya Mama ta yi ja, in na tsuguna ta yi toka-toka. Na yi gumi a cikin sanyin nan na Jos.

Sai ya kunna wata a gefe, ƙarama, shimfiɗaɗɗiya, ba ado ba kwalliya. Ya ce ta masu gyaran hoto ce. Muka juya ta wajen ƙofa don hasken rana ya yi mana alƙalanci, na roƙi Mama ta matso da kumatunta kusa da allon. A lokacin mutane sun fara taruwa, don ba kullum ake ganin dattijuwa ta jingina fuska da monita ba. Wata Bayarabiya da ta shigo sayen caja ta manta da abin da ya kawo ta. Ta dubi Mama, ta dubi allon, ta leƙa ta hagu, ta leƙa ta dama, ta ce, "Wannan ne Mama. Wancan ƙanwarsa ne da ya dawo daga Legas." Shago ya ɗauki dariya, har da Mama, tana rufe baki da mayafi.

Jan nan na kumatunta, wanda kyamara ta kama amma ban taɓa ganinsa daidai a allo ba, ga shi nan zaune lafiya lau. Duk da haka rai bai daddara ba, na ce a sa mini ƙwallo a kanta in gani. 'Yan wasan suka riƙa gudu kamar sun ci tuwo sun ƙoshi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na yi wa mai lanƙwasar kallon bankwana, na ce a ɗaure mini ƙaramar. A keke Mama ta hana ni riƙe kwalin, a cinyarta ya zo gida.

Na sake gyaran hoton daga farko, a hankali, ina leƙa Mama ta taga tana tsince shinkafa ina komawa allo. Da aka wanko shi aka sa a gilashi, ban jira keke ya gama tsayawa ba na dire, na shiga gida ina kwaɗa mata kira.

Ta karɓa ta fita bakin ƙofa inda haske yake. Ta goge gilashin da gefen zanenta. Ta daɗe tana kallo.

"Inna ce," ta ce a hankali. "Wallahi Inna ce."

Inna ita ce mahaifiyarta. Ta rasu tun Mama tana amarya, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, kuma a cikinmu babu wanda ya san fuskarta. Mama ta rungume hoton a ƙirji, hawaye na zuba tana murmushi, ta juya ta ɗaga murya ta kira ƙannena.

"Ku zo," ta ce, "ku zo ku ga kakarku."