Giwar da Na Tura da Yatsa

A kullen korona na koyi ces, darar nan mai sarki da sarauniya da doki da giwa a kan allo mai gidaje fari da baƙi, a benen da nake haya a unguwar Al Muntazah, can ƙasar Larabawa. Wanda ya koya min wani dattijo ne Bakatsine, direban bas, da ke ɗakin ƙasa. Muna zama a bakin matakala, kowa da takunkuminsa, allon a tsakaninmu. Ni Baba nake ce masa, shi kuma yana ce min Injiniya.

Akwai dabarar da yake ci na da ita kullum. Sai ya ajiye doki a gaban giwarsa, mai tafiya a karkace kan gidaje masu launi ɗaya, giwar tana saitin sarkina. Da ya ɗauke dokin hanya ta buɗe, giwa ta kama sarki, dokin kuma ya dira kan wani abu mai tsada. Ya ce, "Kish, tsare sarkinka! Ba mai tafiya za ka duba ba, duba na bayansa."

Lokacin gasar cin kofin duniya abokaina biyu suka zo daga Kano suka sauka a wurina. Na cika musu baki cewa na gwanance, har na kira Baba ya hau sama su gani.

Wasa ya yi nisa na hango tarkon. Tsalle ɗaya, sarauniyata ta tafi. Sai aka kira la'asar, Baba ya shiga yin alwala. Baƙina hankalinsu na kan ƙwallo a talabijin. Na sa yatsa na tura giwarsa gida ɗaya gefe.

Bayan mun yi salla ya zauna, ya ɗaga dokin, hannunsa ya tsaya a sama. Ya daɗe yana kallon allon.

"Tsufa ya fara taɓa min ido," ya ce.

Na ci wasan. Abokaina suna ta kirari, ni kuwa ko shayin da ke gabana na kasa sha.

Kwana huɗu ina kauce wa ƙofarsa. Ran na biyar na same shi yana goge takalmi zai fita aiki.

"Baba, ranar nan ni ne na..."

"Na sani, Injiniya. Giwar da ke bin gidaje baƙaƙe ba ta taka fari. Na dawo na tarar da tawa a kan fari."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"A gaban baƙinka?"

Ya ɗauki hularsa ya ce yalla, bari ya hanzarta, zai makara. Na matsa masa ya wuce, ban iya ɗaga kai ba.