Taken Babana a Zauren Gusau

Bari in tona wa kaina asiri: na taɓa hawa dandamali gaban manyan baƙi ba wanda ya kira ni, na sauko da takalmi ƙafa ɗaya. Aji biyu na yi a firamare, ba a kai ga koya mana zaman kujera ba.

Ba a daɗe da ba mu jiharmu ba aka shirya bikin nuna al'adu a Gusau. Lokacin bandar kifi nake sayarwa a kasuwar Gummi. Gonarmu ta Nasarawar Burkullu kuwa na bar wa ciyawa tun rasuwar babana. Ranar na kai kifi birni, ya ƙare da wuri, sai na bi jama'a cikin zauren. Masu goge suka yi, 'yan rawa suka yi, kowa na zaune yana tafi kamar mai kashe sauro.

Can aka ce ga makaɗan noma daga Bukkuyum. Wani tsoho ya rataya ganga. Bai yi nisa ba na gane kiɗan. Taken babana ne, kiɗan da ake masa shi kaɗai ranar gayya kafin ya duƙa. A wurinmu in aka kaɗa taken mutum, shi ko jininsa sai ya miƙe ya amsa da kirari. In aka yi shiru, an shaida gidan ya mutu. Na waiga. Wani na ɓarar gyaɗa, wani na duba agogo.

Na tsallake kujeru, na take wa wani alhaji babbar riga, na haye. Na ɗaga hannu na zuba kirarin babana, ban rage komai ba.

Wani ma'aikaci mai kati a wuya ya cafke ni.

"Malam, ba ka cikin tsari! Sauka!"

Na ce, "Ubanka anka kira ko nau?"

"Wasa ne fa ake nunawa!"

"Gare ka wasa na."

Su biyu suka ɗauke ni cak, ina ci gaba da kirarin har bakin ƙofa. Zauren ya kece da dariya, wasu har da tafi, sun zaci cikin shirin nake. Su yi ta yi. An kira gidanmu, an amsa. Gobe aka sake kaɗawa, ko gaban waye, sai na hau, sai dai a ƙaro masu ɗauka.

Ina zaune a waje gindin dalbejiya sai ga tsohon makaɗin, ganga a kafaɗa, takalmina a hannu. Ya ce tun da na buɗe baki ya san ɗan waye. Ya miƙo takalmin, sannan ya faɗi maganar da har ya rasu ban ba shi amsarta ba:

"Murya kam ka gado, ɗana. Amma shi in ya gama kirari garma yaka ɗauka. Kai mi kaka ɗauka?"